Kamfanin Ya Rufe, Sifikar Na Nan Da Ranta

Duk wanda ya saba zama a rumfar mai gyaran rediyo, a Warra ne ko a Yelwan Yauri, ya san akwai lungun da ake jibge kayan da masu su suka kawo suka manta, ko suka kasa biyan kuɗin gyara. A irin wannan lungu na fara ganin su. Akwatuna biyu ne na katako, tsayin kowanne ya ɗan haura gwiwar babban mutum, an yi wa fuskarsu sassaƙa mai kama da raga, ƙura ta toshe ramukan. Da aka goge ɗan ƙarfen da ke manne a jikinsu sai sunan ya fito: Sansui. Mai rumfar ya jona su da wata tsohuwar amfilifaya, ya sa kaset ɗin Sani Aliyu Ɗandawo, ya ɗan murɗa. Bai ƙure ba, ko kusa. Amma sai na ji muryar kowane ɗan amshi daban da ta ɗan'uwansa, na ji saukar hannun makaɗi a kan fata da ɗagawarsa. Waƙar da na sha ji a waya har na haddace, ranar ce na san mutum nawa ne a cikinta.

Kamfanin da ya ƙera waɗannan akwatuna ya rushe tun 2014. Babu ofishin da za ka kai ƙara, babu wakilin da zai aiko maka da kayan gyara, takardar garanti kuwa ta riga ta zama tarihi. Duk da haka ana cinikin irin waɗannan kaya daga Yauri har Shanga, ana ɗora su a kan babur, ana sa su a jirgin ruwa a tsallaka da su tungayen masunta. Tambayar ita ce, me mutum yake saye idan ya ba da kuɗinsa a kan kayan da babu mai tsaya musu?

Sai mun ɗan koma baya kafin a gane yadda suka iso nan. Yawancin manyan kayan sauti na Japan sun shigo gidajen Arewa ne a shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur ya yi yawa, aka kuma biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji da ariyas ɗinsa a 1975. Malamin makaranta ya sayi rediyo mai kaset, akawun En'e ya sayi garmaho na zamani da sifikoki biyu, alhazai suka riƙa dawowa daga Makka da rakoda a cikin kaya. A lokacin gaɓar kogin Kwara ta wannan yanki ba ta daɗe da sauya kama ba. An fara gina madatsar Kainji a 1964 aka gama a 1968, ruwa ya shanye tsohon garin Bussa da tsibirai da ƙauyuka masu yawa, aka tayar da mutane sama da 40,000, cikinsu har da Gungawa da Kambari da Lopawa, aka sake musu matsuguni. Tafkin ya jawo masunta da 'yan kasuwa daga nesa, kuɗin kifi ya zaga, kuma wanda ya sami kuɗi a wancan zamani, bayan keke ko babur, abin sauti yake nema.

Zubi na biyu ya zo ne bayan 1986, da gwamnatin Babangida ta shigo da tsarin SAP, darajar naira ta faɗi, sabon kaya ya fi ƙarfin talaka. Daga nan kasuwar na-hannu ta buɗe, wadda 'yan Kudu ke kira tokumbo, mu kuma mu ce ɗan Kwatano ko ɗan Beljiyam. Abin da Bature ya gaji da shi a Jamus ko Ingila sai a cusa shi a kwantena, ko a cikin tsohuwar motar da za a turo, ya sauka a Legas ko Kwatano, ya bi ta kasuwar Alaba, ya hau babbar hanyar da ta ratsa Ilori da Jebba da Mokwa da Kontagora har Yauri. Wasu kuma ta Kano suke zagayowa, daga shagunan Sabon Gari. Saboda haka sifikar da ke gabanka a yau ko dai ta wani dattijon gari ce da magada suka fitar, ko kuma ta sha sanyin Turai shekara talatin kafin ta zo ta haɗu da zafin Ngaski. Bambancin yana da amfani, za mu dawo kansa.

Su kuwa kamfanonin, ɗaya bayan ɗaya suka faɗi. An kafa Sansui a Tokyo a 1947, da ƙera taransifoma ya fara, ya yi tashe a shekarun 1970, sannan ya fara tangal-tangal. A 1989 wani kamfanin Ingila mai suna Polly Peck ya sayi mafi yawan hannun jarinsa, shi ma shekara guda bayan haka ya durƙushe. Daga nan Sansui ya riƙa yawo a hannun 'yan kasuwar Hong Kong har aka ayyana karyewarsa. Akai, wanda rakodarsa ta yi suna a gidajen rediyo da na masu hali, ya faɗi a 2000. Aiwa, mai sitiriyon nan da ya cika ɗakunan amare a shekarun 1990, Sony ya haɗiye shi gaba ɗaya a 2002, kafin 2008 ta ƙare an daina ƙera komai da sunansa. Ko Onkyo, da ake ganin ya tsira, sai da ya bayyana karyewarsa a birnin Osaka a watan Mayun 2022.

A nan ne mai saye ya fi yawan ruɗewa. Zai ce, ai ga sabuwar talabijin can a shago an rubuta Akai, ga sabuwar sifika mai bulutut an rubuta Aiwa, ta yaya za a ce sun mutu? Abin da ya faru shi ne, idan kamfani ya karye, cikin kadarorin da ake gwanjonsu har da sunansa. Wanda ya sayi sunan yana iya ba da hayarsa ga duk masana'antar da ta biya, ta manna a kan kayanta. Injiniyoyin da suka ƙera na da sun watse, masana'antar ta rufe, harafin ne kawai ya rage. Sabon kayan zai iya yin kyau, zai iya yin muni, amma ba shi da dangantaka da tsohon, kuma wanda ke sayar da shi ba zai samo maka ko ƙusa ɗaya ta tsohuwar sifikarka ba. Akwai kuma akasin haka. Sunan National da kakanninmu suka sani a jikin rediyo an ajiye shi a 2008, alhali kamfanin yana nan da ransa, ya koma amsa sunan Panasonic.

To me ya sa sifika ke rayuwa bayan mai ƙera ta, alhali wayar hannu ba ta yi? Saboda abin da ke cikinta kaɗan ne, kuma babu asiri a ciki. Tsarin da ake bi har yau shi ne wanda wasu injiniyoyi biyu na kamfanin General Electric a Amurka, Chester Rice da Edward Kellogg, suka bayyana a 1925. Akwai maganaɗisu a baya. Akwai siririyar wayar tagulla da aka naɗe, wadda masu gyara ke kira koyil, tana zaune a cikin wani matsattsen rami a tsakiyar maganaɗisun. An manna koyil ɗin da takarda mai siffar mazurari. Idan wutar sauti ta bi ta koyil sai ya riƙa shiga yana fita, takardar ta tura iska, kunne ya ji. Gefen takardar an haɗa shi da ƙarfen da ke riƙe da ita da wani zobe mai laushi, na soso ko roba ko yadi. Babbar takarda tana ba da kauri, ƙarama, wato tuwita, tana ba da kaifi, sai wani ɗan allo a cikin akwatin mai ɗauke da kafasito da naɗin waya da ke raba wa kowacce rabonta. Shi ke nan. Babu manhajar da za ta tsufa, babu lambar sirrin da sai kamfani ya buɗe. Duk abin da ya lalace a ciki, hannu da gam da waya suna iya kai masa.

Amma iya gyaruwa daban, dacewa da kuɗinka daban. Mai kaya zai ce maka ɗan Beljiyam ne, ba a taɓa kwance shi ba, zai kuma gaya maka tun da wuri cewa in ka fita da shi babu dawowa. Tun da haka ne, duk binciken da za ka yi a gabansa za ka yi shi, kada ka yarda da cinikin biri a sama.

Fara da cire ragar gaba. Mai kayan da ya hana ka cire ta yana da abin da yake ɓoyewa. Dubi zoben nan na gefen takarda, ka ɗan taɓa shi da yatsa. Idan na soso ne, shekara goma sha biyar zuwa ashirin yakan yi kafin ya fara ruɓewa, kuma zafi da laima suna gaggauta masa. Za ka ga yana marmashewa ko yana manne wa yatsa. Wannan ba ya kashe ciniki, domin ana sauya shi, sai dai a rage kuɗin gyaran daga farashi. Na yadi, irin wanda ke jikin da yawa daga tsofaffin manyan akwatunan Japan, ba ya ruɓewa, amma man da aka shafa masa yakan bushe ya sandare, sai kaurin sauti ya ragu. Bayan haka ka buɗe yatsunka ka ɗora su kewaye da tsakiyar takardar, ka danna a hankali, daidai wa daida. Ya kamata ta shiga ta dawo shiru. In ka ji tana gurza, kamar yashi a cikin kwano, koyil ya taɓa ƙonewa ya kumbura, ko ya karkace. Kada ka yi wa tuwita wannan gwaji, ba ta jure dannawa.

Ƙaramin batirin tocila, mai bolt 1.5, ya isa ya gaya maka ko babbar takarda tana da rai: ka taɓa wayoyin biyu da shi na ɗan lokaci, za ka ji ƙas, ka ga ta motsa. Idan kana tare da mai mita, ya auna. Sifikar da aka rubuta mata om 8 yawanci takan nuna tsakanin 5 da 7 a mita, kuma abin da ya fi muhimmanci shi ne akwatunan biyu su nuna kusan abu ɗaya. In ɗaya ta yi nesa da 'yar'uwarta, an taɓa naɗe ta ko an sauya wani abu a ciki. Dubi kan ƙusoshin da ke riƙe da takardun. Sukurudireba yana barin tabo. Na sha ganin akwati mai babban suna wanda aka cire 'ya'yansa na asali aka cusa masa na kasuwa masu araha. Katakon ne kawai na Japan.

Tuwita ita ce ta fi saurin mutuwa, ita ce kuma mai saye ya fi mantawa da ita, domin a hayaniyar kasuwa kaurin sauti ne ke cika kunne. Ka sa a rage ƙara, ka kai kunnenka dab da kowace ƙaramar takarda ɗaya bayan ɗaya. Kuma ka je da abin da kunnenka ya sani. Mai kaya zai sa maka kiɗa mai dukan ƙirji, ya ƙure, don ƙara tana rufe aibu. Kai kuma ka sa karatun Alƙur'ani na makarancin da ka saba ji, ko labaran rediyo, ko kuntigin Ɗan Maraya Jos. Muryar mutum ɗaya da tsirkiya ɗaya ba su da inda za su ɓuya. Idan harafin sin da shin ba su fita tas ba, ko murya ta yi kamar daga cikin tulu take fitowa, akwai matsala a sama. In kana son gwada tsakiya da ƙasa, kalangun Shata ya isa.

Sai akwatin kansa, kuma a nan ne gaɓar Kainji take da nata hukunci. Yawancin akwatunan da aka yi daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa gaba ba katako ne na gaske ba, dusar katako ce aka matse da gam aka lulluɓe da wata fata mai kama da itace. A busasshen ɗaki takan yi shekaru. A ɗakin da ke kusa da ruwa, inda ƙasa ke tsatsafowa da damina, gindinta yakan sha laima ya kumbura, ya fara zubewa kamar gari, kuma wannan ba ya gyaruwa sai dai kafinta ya yi sabo. Tafkin nan ba ya zama wuri ɗaya: farin ruwa yana zuwa da damina, baƙin ruwa kuma ya biyo baya da sanyi daga can saman kogin Kwara, don haka gidajen baki-baki suna daɗewa cikin danshi fiye da na tudu. Ka juya akwatin ka duba gindinsa kafin komai. Ka ƙwanƙwasa gefensa; in ya yi amon fanko a wani wuri, gara ta riga ka. Ka leƙa ramin iskar da ke gaba ko baya, domin zanzaro yana gina ɗakinsa a ciki, ɓera kuma yana shiga ta nan ya cinye audugar da aka shimfiɗa, ya tsinke waya. Abin da ya sa na ce asalin kayan yana da amfani ke nan. Wanda ya fito daga ɗakin dattijon gari ya riga ya sha wannan yanayi ya tsira, abin da ka gani shi ne. Wanda ya sauka daga kwantena jiya yana iya yin kyan gani, amma sosonsa da ya tsufa a sanyi ya zube a bazarar farko.

Ra'ayina, kuma na san wasu masu gyara ba za su so shi ba: naɗin koyil a gida yana ceton sifika, amma sau da yawa ba ya dawo da muryarta. Mai naɗi yakan yi amfani da wayar da yake da ita, ba lallai kaurinta da yawan zagayenta su zo daidai da na asali ba, gam ɗin ma ya fi nauyi. Sifikar za ta yi magana, har ta yi ƙara, sai dai ta daina dacewa da 'yar'uwarta. Wanda zai naɗa, ya roƙi mai gyara ya ƙirga zagayen tsohuwar wayar ya auna kaurinta kafin ya yar, kuma in da hali a yi wa akwatunan biyu aiki iri ɗaya. Akwai dattawa a wannan sana'a da suke yin haka ba sai an gaya musu ba. Yaro ya kawo kaya yana cewa, Baba, a naɗe mini kawai ta yi ƙara, shi kuma ya zauna yana ƙirga zagaye da bakin allura. Irinsu suna ƙaranci, domin yaran da ya kamata su gaje su sun koma gyaran waya, inda kuɗin yake. Duk mai niyyar sayen kayan kamfanin da ya rufe, ya fara sanin ko akwai irin wannan hannu a kusa da shi, don shi ne zai tsaya a matsayin kamfanin.

Abin da ya fi kashe waɗannan kaya a wurinmu shi ne sa su aikin da ba nasu ba. An ƙera su ne don ɗaki, mutum ya zauna ya saurara. Sai a kwashe su a kai filin biki ko gidan kallon ƙwallo, a haɗa huɗu a kan amfilifaya ɗaya, a ƙure. Akwatuna biyu masu om 8 idan aka jona su a baki ɗaya sun koma om 4, in aka ƙara sun yi ƙasa da haka, amfilifaya ta yi zafi ta ƙone. Kuma ƙaramar amfilifaya da aka ƙure tana kashe tuwita kamar yadda babba ke yi, domin idan ta kai iyakarta sautin yakan yage, yagewar kuma kan tuwita take sauka. Fili yana da kayansa, masallaci yana da lasifikar ƙaho irin ta Ahuja ko TOA, waɗanda kamfanoninsu ke aiki har gobe. Lambobin nan na dubban wat da ake mannawa a gaban sitiriyo da harufan PMPO kuwa talla ce. Juya bayan na'urar ka karanta wutar da take ja daga soket; ba za ta iya ba da abin da ya fi wanda ta sha ba.

Wutar ma abin lura ce. Muna zaune a bakin tafkin da ke juya injinan Kainji masu ƙarfin megawat 760, amma ƙauyuka da yawa a gaɓar da janareto da sola suke rayuwa. Ita sifika ba ruwanta da wutar gari, amfilifaya ce ke wahala. Wadda aka yi don kasuwar cikin Japan bolt 100 take sha, ta Amurka 120, tamu kuwa 230 ce. In ba ta da makunnin sauyawa a baya, kuma ba a sa mata taransifomar ragewa ba, jonawa ɗaya ta isa. Shi ya sa dabarar da samari suka ɓullo da ita take burge ni. Suna barin tsohuwar amfilifaya mai nauyi, su sayi ɗan ƙaramin allo na zamani mai bulutut da ke aiki da batirin bolt 12, su jona shi da tsofaffin akwatunan. Da yawa daga manyan sifikokin shekarun 1970 an yi su ne a zamanin da amfilifaya ba ta da ƙarfi sosai, don haka wat kaɗan ke ishe su cika ɗaki. Faranti ɗaya na sola, batir ɗaya, waya mai memori, sai ga akwatin da ya girmi mai shi yana karanta tafsiri a tungar da ba ta taɓa ganin turken lantarki ba.

Akwai wani ɓangare da bai kamata a rufe ido a kansa ba. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2018 ya gano cewa a 2015 da 2016 kimanin tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki ke shigowa Nijeriya a shekara, mafi yawansu daga tashoshin Turai, kuma wani kaso mai yawa ba ya aiki tun kafin ya sauka, duk da cewa dokokin hukumar NESREA sun hana shigo da matattun kaya. Abin da bai gyaru ba yakan ƙare a hannun 'yan gwangwan, a fasa a cire tagulla da maganaɗisu, a ƙona sauran. A bakin ruwan da ake kamun warangi ana shanyawa, ana kuma ɗiba a sha, tokar roba da dalma ba ƙaramin abu ba ne. Duk akwatin da aka gyara ya ƙara shekara goma, an rage wa gaɓar wannan toka.

Na koma rumfar bayan wasu makonni da niyyar taya akwatunan nan biyu. Na tarar da ɗaya kawai. Wani ya zo da kuɗin guda, mai rumfar kuma yana da bukata, ya raba su. Haka ake yi kullum, kuma ita ce asarar da ba ta da magani, domin an yi su ne su yi aiki tare, ɗaya dama ɗaya hagu, kuma tun da masana'antar ta rufe babu inda za a samo ta uku. Na tambayi inda aka kai ta, aka ce mai saye daga tsallaken ruwa ya zo, ta wajen Borgu, a jirgi ya tafi da ita. Na sayi wadda ta rage, na ɗora ta a kan bulo biyu don kada ta taɓa ƙasa, na kuma bar sallahu wurin masu jirgin da ke zuwa cin kasuwa, ko wani zai gane gidan da ɗayar ta sauka.